Kafin Ka Sayi Na'urar Gani da Dare a Adjamé

Duk wanda ya ratsa kasuwar Black Market ta Adjamé a Abijan, ko ya bi shagunan kayan lantarki da ke bakin titin Nangui Abrogoua, zai ga kwalaye masu hoton mutum sanye da tabarau cikin koren duhu, an rubuta "vision nocturne" a jikinsu. Akwai kyamarar bango, akwai mai kama da madubin hangen nesa, har da wadda ake ɗaurawa a goshi. 'Yan'uwanmu masu shaguna da sito a Saint-Michel da Treichville suna saye, kuma da dalilinsu. Dukiyar mutum tana kwana a bayan ƙofar ƙarfe, shi yana can Abobo ko Williamsville, tsakaninsa da ita sai kwado da mai gadi guda. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, wacce ta fi gani cikin duhu? Kafin a kai nan, ya kamata a san cewa kaya iri uku ne ake sayarwa da suna ɗaya, kowanne da yadda yake aiki, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne mai shago ya fi rashin buƙata.

Mu fara da shi, wato tabaran da ake gani a fuskar sojoji. Aikinsa ninka ɗan hasken da ke akwai. Dare a fili ba ya rasa haske ƙaf. Ana auna haske da wani ma'auni da ake kira luks: rana tsaka takan kai luks 100,000, farin watan daren sha huɗu bai wuce kwatan luks ɗaya ba, taurari su kaɗai kuwa kimanin kashi ɗaya cikin dubu na luks suke bayarwa. Wannan ɗan abin ya yi wa idonmu kaɗan, amma ya ishi tabaran.

A cikinsa akwai wani ɗan bututu da aka zuƙe iskar cikinsa, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Haske ƙwaya-ƙwaya yake tafiya, kuma abin da injiniyoyi suka fi iya ninkawa cikin sauƙi shi ne ilektron, ƙananan ƙwayoyin nan da ke ɗauke da lantarki. Saboda haka dabarar ta zama hawa uku: a mayar da haske lantarki, a ninka lantarkin, a sake mayar da shi haske. Gilashin gaba yana tattaro hasken ya zuba shi kan wani siririn shafe na sinadari da ke bakin bututun. Inda ƙwayar haske ta sauka, shafen yana iya sakin ilektron guda. Wannan hali na wasu sinadarai shi ne Albert Einstein ya yi wa bayani a 1905, kuma a kansa aka ba shi kyautar Nobel ta 1921.

Ilektron ɗin ba ya yin nisa sai ya tarar da wani faifan gilashi wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, an huda masa miliyoyin ramuka, kowane rami ya fi silin gashin kai sirantaka wajen sau goma. Da gangan aka ɗan karkatar da ramukan, don kada ilektron ya wuce bai taɓa bango ba. Da ya daki bangon ramin sai ya fizgo wasu biyu ko uku, ƙarfin lantarki ya ja su gaba, su ma su daki bango su fizgo wasu, kamar yadda labari ke yaɗuwa a kasuwa, mutum ɗaya ya faɗa wa uku, kowannensu ya faɗa wa wasu ukun. Ɗaya ne ya shiga, amma ɗaruruwa ko dubbai ke fita ta ɗaya bakin. Da yake kowane rami da nasa rabon, siffar hoton ba ta rikicewa: wurin da haske ya fi yawa a gaba, nan ne ilektron za su fi yawa a baya. Daga nan sai dubban volt su wurga su kan wani allo da aka shafe da fosfo, sinadarin da ke walƙawa idan ilektron ya dake shi. Wannan allon ne ido ke kallo ta gilashin baya. Duk wannan aiki, batir ɗaya irin na agogon bango yakan riƙe shi sa'o'i 40 ko fiye.

Koren da ake gani kuwa launin fosfo ɗin ne. Bututun bai san launi ba, domin ilektron da jan haske ya saki da wanda shuɗi ya saki duk ɗaya suke. An zaɓi kore ne saboda a kore idon ɗan Adam ya fi rarrabe mai haske da mai duhu. Sababbin bututai ma da yawa fari mai ɗan shuɗi suke nunawa.

Abin bai kai haka a rana ɗaya ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus da na Amurka sai sun ɗora babbar fitila a kan bindiga, su goya batir mai nauyi a baya. A shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, aka samu wanda ke aiki da hasken wata da taurari, yana ninka haske wajen sau 1,000. Faifan nan mai ramuka ya shigo a shekarun 1970, ninkin ya kai wajen 20,000. Na bayansa, wanda aka yi wa shafen bakin bututu da sinadarin galiyom asenayid, yana kai 30,000 zuwa 50,000. Masana'antun da ke iya ƙera bututu mai wannan inganci kaɗan ne a duniya. Akwai a Amurka, akwai Photonis a garin Brive na Faransa. Tabarau mai ido ɗaya na wannan aji dubban daloli ne, wato ya haura sefa miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. To idan aka miƙo maka kwali aka ce irin na soja ne, kuɗinsa bai fi na matsakaiciyar wayar hannu ba, ka riga ka san amsar tun ba ka buɗe ba.

A ce ma na gasken ne, ba zan ba mai shago a Adjamé shawarar saye ba. An yi shi ne don daji da fili, inda babu fitila. Unguwarmu kuwa ba ta rabuwa da fitilun titi, da na motocin haya irin gbaka da woro-woro, da kwan lantarkin masu shayi. Kowace fitila mai ƙarfi tana zama farin dunƙule a cikin tabaran, ta rufe abin da ke kusa da ita, kuma yawan haske yana cinye ran bututun. Kunna shi da rana babu murfi na iya bar masa tabon da ba ya gogewa. Faɗin abin da yake nunawa digiri 40 ne kawai, mai sanye da shi ba ya ganin gefensa. Sannan ba ya naɗar komai. Gari ya waye, ba ka da abin nuna wa 'yan sanda.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi. Hukumomi suna ɗaukar wannan na'ura a matsayin kayan yaƙi. Amurka ba ta barin a fitar da masu ingancin nata sai da lasisi. Kwaddibuwa ta zauna ƙarƙashin takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2004 zuwa 2016, kuma na'urorin gani da dare suna cikin kayan da aka sa wa ido. Tun bayan harin Grand-Bassam na watan Maris 2016 da na Kafolo na watan Yunin 2020, jami'an tsaro ba sa wasa da abin da ke bi ta hanyoyin arewa. Ɗan'uwa, idan za ka hau mota zuwa Yamai, Maraɗi ko Kano, wani ya kawo maka kwali ya ce saƙo ne, tabaran farauta ne kawai, kada ka karɓa, ko da kuwa abin wasa ne mai kama da na soja. A shingen bincike da tsakar dare ba za ka sami wanda zai tsaya ya rarrabe maka na gaske da na roba ba.

Iri na biyu shi ne kusan duk abin da ke cikin kwalayen kasuwa, daga kyamarar bango har zuwa mai kama da madubin hangen nesa. Wannan da fitilarsa yake tafe, fitilar da ido ba ya gani. Hasken da idonmu ke kamawa ya tsaya ne tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka, daga shuɗi zuwa ja. Gaba da ja akwai wani haske da ake kira infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800. Idon mutum makaho ne a gare shi, amma idon kyamara yana ganinsa sarai. Za ka iya gwadawa yanzu: buɗe kyamarar wayarka, ka nuna mata bakin rimot ɗin talabijin, ka danna maɓalli. A yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allo, alhali idonka bai ga komai ba. Ƙananan ƙwayayen da ke zagaye da gilashin kyamarar bango irin wannan hasken suke fitarwa. Da rana akwai wani ɗan gilashi a ciki da ke tare shi don launuka su fito daidai. Duhu na yi sai kyamarar ta janye gilashin, ka ji ta yi ƙas, hoton ya koma fari da baƙi.

Wannan ba abin rainawa ba ne. Ga mai shago ma shi ne ya fi dacewa, domin yana naɗa, yana da sauƙin kuɗi, hasken mota ba ya kashe shi. Sai dai a saye shi da sunansa, a kan kuɗinsa. Idan mai sayarwa ya dage cewa nasa yana ninka hasken taurari, gwajin mai sauƙi ne. A shiga ɗaki mai duhu, a bar ɗan haske kaɗan yana shigowa ta ƙasan ƙofa, a kunna na'urar, sannan ka rufe ƙwayayen fitilarta da tafin hannu ko baƙin salatif. Idan hoton ya mutu, to fitilar ce ke aiki. Kada koren allo ya ruɗe ka, launi ne da ake iya sa wa kowane hoto.

Fitilun nan iri biyu ne, kuma yana da kyau ka duba kwali. Mai lamba 850 tana barin ɗan jan haske a bakin ƙwayayen, wanda duk mai lura zai gani da dare, amma ta fi kai wa nesa. Mai lamba 940 ba ta nuna komai, sai dai zangonta ya fi gajarta. A ƙofar shago ni na fi son 850. Babu amfanin ɓoye kyamarar waje. Wanda ya zo da mugun nufi ya ga jan idon nan yana kallonsa, wataƙila ya fasa, kuma fasawarsa ta fi maka hoton fuskarsa amfani.

Iri na uku zafin jiki yake gani. Mutum, dabba ko injin da bai huce ba suna fitowa fari a cikin baƙin duhu, ko babu haske ko ɗis. Yana da amfani ga mai babban fili, kamar siton goro a Anyama, garken dabbobi ko gona. Amma ba ya nuna kamannin fuska, gilashin taga yana tare shi, kuma yana da tsada. Mai shago a cikin gari ya wuce shi kawai.

To, mu koma kan kyamarar bango, tunda ita ce za a saya. Lambar da ta fi ruɗar mutane ita ce ta nisa, inda ake rubuta mita 30 ko mita 50 a kwali. Ma'anarta, a wannan nisan za ka iya lura akwai wani abu yana motsi. Gane wane ne shi wani zance ne daban. Haske yana raguwa da sauri: idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke sauka a jikin mutum kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage, idan ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Bayan haka akwai yawan ɗigon hoto. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi a duniya ta ce, don a tantance fuskar baƙo, ana son ɗigo 250 a kowace mita ta faɗin wurin da ake kallo. Kyamarar da aka rubuta wa 1080 tana da ɗigo 1,920 a faɗinta. Raba 1,920 da 250, za ka samu mita bakwai da rabi da ɗan ɗori. Wato idan kyamararka tana ɗaukar faɗin da ya wuce haka, fuskokin da ke ciki ba za su isa shaida ba, kuma wannan lissafin na rana ne, da dare sai abin ya ragu. Kuskuren da na fi gani a shagunanmu shi ne a kafa kyamara ɗaya can sama tana kallon titi gaba ɗaya, mai ita yana jin daɗin ganin unguwa a wayarsa. Gara ka sami guda ɗaya da ba ta da aikin komai sai ƙofa, inda dole mai shiga ya bi.

Kada ka yarda da gwajin rana, kuma kada ka yarda da hoton da ke tsaye. Cikin duhu kyamara takan daɗe tana shan haske kafin ta fitar da kowane hoto, shi ya sa bango da kwado ke fitowa tas, amma mutum mai tafiya ya zama hayaƙi. Ka yi sharaɗi da mai kafawa cewa cikon kuɗinsa sai bayan gwajin dare. Bayan sallar Isha, ka sa yaron shagonka ya sa hula ya wuce da sauri a nisan mita uku, sannan biyar, sannan goma. Ka koma kan abin da aka naɗa, ka tsayar da hoton, ka kira maƙwabcin da bai san wanda ya wuce ba ka tambaye shi ko ya gane shi. Gani ya kori ji. Ka sa yaron ya matso dab da kyamarar ma, domin wasu fitilun suna wanke fuskar na kusa ta zama fari fat. Masu kyau suna rage ƙarfinsu da kansu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da tsawon garanti. Sunaye irin su Hikvision da Dahua sun cika kasuwa, kuma duk sunan da ya karɓu ana yin jabunsa, don haka ka duba lambar jikin na'urar ta yi daidai da ta kwali.

Wurin kafawa ya kai rabin aikin. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa. Idan ta fi haka, saman kai da hula za ka riƙa gani. Kada a sa ta a bayan gilashin taga, domin fitilarta za ta daki gilashin ta dawo mata cikin ido. Haka ma idan akwai bango, kwanon rumfa ko allon talla dab da gefenta: shi zai sha hasken ya yi fari, kyamarar ta rage ƙarfinta saboda shi, sauran wurin ya yi baƙi. A ɗan juya ta kaɗan ya wadatar. Kada kuma ta fuskanci fitilar titi ko ta maƙwabci, don duk wanda ya tsaya tsakaninsu inuwa kawai zai zama.

Ga shawarar da na fi ba muhimmanci, ko da yake ita ce mafi araha: ka sa farar fitila mai kyau a saman ƙofarka, ta ɓangaren da kyamarar take, tana haska fuskar mai zuwa. Kwan LED mai wat 10 ko 20 ba ya cin wuta sosai. Da shi kyamararka za ta zauna cikin launi duk dare, ka san rigar ja ce ko shuɗiya, babur ɗin wane launi ne, abin da hoton fari da baƙi ba zai taɓa gaya maka ba. Infirared ma yana sauya kamannin tufafi, baƙar riga takan fito fara, sai ka ba da kwatancen da zai ɓatar da masu bincike. Kyamarorin da ake tallatawa da cewa suna ba da launi da dare, babban gilashi ne da su da ido mai saurin kama haske, kuma akasarinsu da 'yar farar fitila a jiki. Su ma sun fi kyau idan ka taimaka musu da haske. Fitilar nan kuma tana amfanar mai gadi, da maƙwabci, da mai wucewa zuwa sallar Asuba.

Yanayin Abijan yana da nasa sharaɗin. Danshi ba ya ƙarewa, ruwan watan Yuni ba ya tausayin waya, kuma iskar da ke tasowa daga teku da tafkin Ébrié tana cin ƙarfe, musamman a Treichville. Ka nemi kyamarar da aka rubuta wa IP66 ko IP67. Amma yawanci ta mahaɗar waya ruwa ke shiga, don haka a sa mahaɗar cikin ƙaramin akwatin roba mai murfi, a bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, yadda ruwa zai ɗige a ƙasa. Gizo-gizo kuma yana son bakin kyamara. Zare ɗaya da ba ka gani da rana, da dare zai zama farin igiya a tsakiyar hoto. Sau ɗaya a mako a sa tsumma mai laushi a goge, a lokacin hunturu ma fiye da haka saboda ƙura. Idan ka ga hazo a cikin gilashin, ruwa ya riga ya shiga, a kwance a gyara tun bai kai ga lantarkin ciki ba.

Sai batun wuta. Waɗanda suka ga rabon wutar da aka yi a 2021 sun san ɗaukewa ba ta sallama, kuma ɓarawo ma ya iya sauke mita. Kyamarar da ta mutu tare da wutar kamfanin lantarki na CIE ta mutu ne a daidai lokacin da ake buƙatarta. Yi lissafi da abin da aka rubuta a jikin kayanka. A misali, kyamara huɗu kowace tana cin wat 7 da dare, akwatin naɗa yana cin 15, ga fitilar ƙofa mai wat 10: jimla 53. Ƙaramar na'urar riƙe wuta da ake kira onduleur, mai batir ɗaya na volt 12 da amfiya 7, abin da ke cikinta bai wuce wat 84 na sa'a ɗaya ba, kuma ba duka ake samu ba. Da ƙyar ta kai ka sa'a guda. Batir na volt 12 mai amfiya 100 yana ɗauke da 1,200. Idan ka sha rabi kawai don ya yi ƙarko, ka sami wajen sa'o'i 11, wato dare guda. A sa abin kare kaya daga tsawa da hauhawar wuta. Akwatin naɗa kuwa a ɓoye shi, kada a ajiye a kan kanta inda wanda ya shigo zai tafi da shi ƙarƙashin hammata. A daidaita kwanan wata da agogonsa, a kuma sauya lambar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta. A 2016 an kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, cikinsu har da kyamarori da akwatunan naɗa masu yawa, da wata muguwar manhaja mai suna Mirai, ba don komai ba sai don masu su sun bar lambar sirrin masana'anta. Idan mai kafawa ya gama, kai da kanka ka sake sauya ta.

Wani abu kuma da ba na so a yi wa sakaci shi ne haƙƙin maƙwabci. Da yawanmu a gidajen haya na tsakar gida ɗaya muke zaune, ƙofa na kallon ƙofa. Kyamarar da ke gani cikin duhu tana iya ɗaukar matar wani ta fito alwala, ko hanyar banɗaki, su ba su sani ba. Addini ya hana leƙen asirin mutane, dokar ƙasa ma ta yi magana: doka mai lamba 2013-450 ta 19 ga Yuni 2013 tana kare bayanan mutane, hotonsu na ciki, kuma hukumar ARTCI aka ɗora wa kula da ita. Ka nemi bayanin abin da ake buƙata daga gare ka kafin ka kafa, ka liƙa sanarwa cewa akwai kyamara, ka karkatar da ita ta tsaya kan ƙofarka da kayanka. Idan ta kama wani abu, ka kai wa 'yan sanda. Kada ka watsa fuskar mutum a WhatsApp ko Facebook kana cewa ga ɓarawo. Hoton dare yana kamanta mutane da juna, kuma mun san abin da taron jama'a ke iya yi wa wanda aka nuna da yatsa a kasuwa.

Daga ƙarshe, mai gadi. Idonsa ma na'urar gani da dare ce, kuma tana da ƙa'idarta. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya kai ƙarfinsa, amma kallon allon waya na ɗan lokaci ya isa ya mayar da shi baya. Malam mai gadi, ka rage hasken wayarka, ka zauna a inuwa kana kallon wurin da fitila ta haska, kada kai ka zauna ƙarƙashinta. Idan mota ta taho da fitila, runtse ido ɗaya har ta wuce. Idan kana son tantance abu cikin duhu, ka ɗan kalli gefensa, domin sashen ido da ya fi kama raunin haske a gefe yake. Wanda kuwa ya ga da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, alhali da rana lafiyarsa ƙalau, wannan dundumi ne. Sau da yawa ƙarancin bitamin A ke kawo shi, kuma manja, hanta, ƙwai, zogale, mangwaro da gwanda duk suna da shi, ga su nan a kasuwa. Amma yanar ido da ciwon sukari ma suna rage gani da dare, don haka a je a duba. Akwai sashen ido a asibitin CHU na Treichville, akwai kuma cibiyar masu ciwon sukari a cibiyar kiwon lafiya ta INSP nan Adjamé.

Alhaji, Hajiya, kyamara tana ba da labarin abin da ya riga ya faru ne. Wanda zai busa usur a lokacin da ake taɓa kwado mutum ne. Kafin ka ƙara kyamara ta biyar, ka duba ko mai gadinka yana da tocila mai ƙarfi, da usur, da rigar ruwa, da kuɗin kira a wayarsa, da lambar ofishin 'yan sandan unguwa da ta 'yan kwana-kwana, wato 180. Ka duba ko yana samun barcin rana, ko kuwa dako yake yi daga safe saboda abin da kake ba shi bai isa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 75,000 ne a wata tun daga Janairun 2023. Ka biya shi haƙƙinsa cikakke, kuma a kan lokaci.